Wata Uku Ba Hayaƙi a Gidan Ya Aisa

Idan ka shigo layinmu a Limanti ta wajen famfo, ba sai ka tambayi gidan Ya Aisa ba, hancinka zai kai ka. Shekara talatin da ɗaya tana haɗa turaren wuta da humra a gidan nan, har bangon ya sha. Ƙyauren zaure ma idan rana ta buge shi ƙamshi yake fitarwa. Yayar babana ce. A Shehuri aka haife ta, a hannun kakarta Ya Jannatu ta tashi, kuma a wajenta ta koyi sana'ar tun tana 'yar shekara tara, lokacin da aikinta bai wuce riƙe murfin tukunya ba.

Ba ta aiki da ma'auni. Za ta zuba sukari ya narke, ta juye itacen sandal da hawi, ta yi ta juyawa da muciya, sannan ta sunkuya ta shaƙa sau ɗaya ta ce, "Da saura." Idan ta ce ya yi, to ya yi. Daga Damaturu, daga Kano, har daga Njamena ake aiko mata idan za a kai amarya. Kuma ban taɓa jin ta ce wani abu yana damunta ba. Ranar da narkakken sukari ya zubo mata a ƙafa, ɗaurewa ta yi da tsumma ta ƙarasa tukunyar. Sai bayan kwana uku mijinta, Ba Hashim, ya ga tana ɗingishi.

Bara, bayan Babbar Sallah, ta ji ƙululu a mamanta na hagu. Aka yi awo, aka ce kansa ce, aka yi aiki aka cire. Da ciwon ya warke aka tura ta wajen Likita Yoila, wani dogon mutum ɗan kudancin Borno mai magana a hankali. Shi Kanurinsa bai wuce na gaisuwa ba, ita kuma ba ta jin Turanci, saboda haka da Hausa suke magana, yaren da ba a haifi ko ɗayansu da shi ba. Ni nake raka ta, don na gama jami'a ina jiran tafiya bautar ƙasa.

Ya yi mata bayanin maganin da ake ɗurawa ta jijiya, wanda ake kira kimo. Sau shida za a yi, duk bayan sati uku.

"Hajiya, aikin ya cire abin da ido yake gani," in ji shi. "Wannan zai bi wanda ya ɓuya ne. Amma sai an yi shida ɗin, kuma a kan lokaci. Idan muna ɗagawa muna ɗagawa, hutu muke ba cutar. Gashi zai zube, jiki zai mutu, za ki ji tashin zuciya. Duk abin da kika ji, ki gaya mini."

"To, Likita," ta ce.

Ranar Talata aka yi na farko. Ranar Alhamis 'yan dubiya suka fara sallama.

A garin nan ba a karɓar baƙo da ɗaki a bushe. Kafin a kawo ruwa, kasko ake kawowa da garwashi, a zuba turare, baƙuwa ta buɗe laffayarta hayaƙin ya shiga. Balle a gidan mai turaren da kanta. Rahmat, babbar 'yarta, wadda ta baro gidanta a Mairi ta dawo jinya, ta ɗauko kwalba mafi tsada ta zuba. Ba a yi minti biyar ba Ya Aisa ta tashi da sauri ta nufi bayi.

"Maganin ne," matan suka ce. "Allah Sarki. Allah ya sa kaffara ne."

Da ta dawo ta kwanta, Rahmat ta ji kamar ɗakin ya ɗauki warin amai, ga baƙi a zaune. Ta ƙara garwashi, ta ƙara turare. Ya Aisa ta sake tashi. Haka aka yi ta yi har sati uku. Ta yi amai, a turara ɗaki saboda mutane, ta sake yi, a sake turarawa. Kowa yana iya ƙoƙarinsa. An turara zanin gado da matashi. Har ɗankwalin da take rufe kai da shi, bayan gashin ya fara zuba, sai da Rahmat ta kifa a kan kasko.

Ranar na biyu Likita Yoila ya tambaye ta yaya jiki.

"Da sauƙi. Mun gode Allah."

"Amai fa?"

"Kaɗan-kaɗan."

"Kina cin abinci?"

"Ana taɓawa."

Ya dubi lambar da nas ta rubuta daga sikeli, ya dube ta, ya dube ni. Na sunkuyar da kai. Ya canja maganin amai ya ba da mai ƙarfi. Shi ma sabon maganin bai yi komai ba.

Ranar da ya kamata a yi na uku, an ɗebi jininta da safe, muka zauna a benci har azahar. Da aka kira mu, Likita Yoila bai yi dariyar da ya saba ba.

"Yau ba za a yi ba. Kin rage kilo shida, ruwan jikinki ya ƙone, jininki ya yi ƙasa. Idan na ɗura miki maganin nan yau, shi zai kayar da ke. Na ba ki sati ɗaya. Idan kin dawo a haka zan sake ɗagawa, kuma idan abin ya ci gaba, dole mu rage maganin ko mu tsaya. Ba na son mu kai nan, Hajiya."

"Allah yana nan," ta ce.

Ya sa aka yi mata ƙarin ruwa leda biyu. A ɗakin da aka kwantar da ita babu abin da ke tashi sai warin maganin goge ƙasa. Sista Florence, nas ɗin da ke kula da masu kimo, ta kawo mata shayin da ya riga ya huce da rabin burodi. Ina kallo ta cinye burodin. Ta tambaya ko akwai saura. Na fita na sayo mata dafaffen ƙwai biyu, su ma ta cinye, kuma suka zauna.

A Keke Napep muna hanyar gida na daɗe ina juya maganar a bakina. Mun wuce shataletale kafin na iya.

"Ya Aisa, a asibiti kin ci abinci."

Ta kawar da kai, na ci gaba.

"Wancan karon ma, a benci, kin ci ƙosai. Sai mun koma gida ne…"

"Mu'mina." Ta gyara laffayarta, tana kallon titi. "Kina tsammani ban sani ba? Tun hayaƙin farko na sani. Hancina ne fa."

"To me ya sa ba ki gaya wa likita ba?"

"In ce masa me? Turaren Aisa yana sa Aisa amai? Kafin la'asar maganar ta kai kasuwar Monday Market. Wace uwa za ta ƙara saya wa 'yarta? Kuma mace ta taso tun daga Bulumkutu ta zo duba ni, in bar ta ta zauna kamar a tasha? Ba a yi mini wannan tarbiyyar ba."

Muna isa muka tarar da Sauda. Maƙwabciyarta ce, Bafulatanar Adamawa, shekara ashirin suna tsokanar juna irin ta Fulani da Barebari. Babu mai shafa humra kamar Sauda a layin, kuma duk a wajen Ya Aisa take karɓa.

"Ina baiwata?" ta ce tun daga ƙofa. "An ce likita ya koro ki. Shi ma ya gaji da taurin kan Barebari ko?"

"Fulata, me kika sani ban da bin saniya," in ji Ya Aisa, tana ƙoƙarin murmushi.

Sauda ta rungume ta. Burodin da ƙwan, duk a nan tsakar gida suka dawo, wani ma a kan takalmin Sauda.

"Rahmat, kawo kasko," in ji Sauda. "Wannan warin ai shi zai ƙara tayar mata da zuciya."

Ya Aisa tana durƙushe tana kallon abin da ta yi sati shida ba ta samu ya zauna a cikinta ba. Ta daɗe tana kallo.

Washegari da hantsi ta ce in nemo Keke. Na ce ai ba ranarmu ba ce. Ta ce ta sani. Ta shiga ɗakin kayanta tana toshe hanci da gefen mayafi, ta fito da wani abu a ƙulle cikin leda uku.

Mun yi awa biyu a benci kafin Sista Florence ta samo mana shiga. Ya Aisa ta zauna, ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta tambayi aiki da gajiya, sai da ta kai gaisuwar ƙarshenta. Sannan ta ajiye ƙullin a kan tebur.

"An gama gaisuwa, Likita. Yanzu magana na zo yi. Jiya da wancan karon ban gaya maka gaskiya ba. Babu sauƙi. Sau bakwai, sau takwas nake amai a rana. Ga abin da ke sa ni. Kada ka buɗe sai na fita."

Ya ɗaga ledar ya shinshina ta waje. "Turaren wuta?"

"Nawa. Ni nake yi. Da shi na aurar da 'ya'ya huɗu."

Ta ba shi labarin duka, da kasko, da 'yan dubiya, da ɗankwalin. Ta ce humra ta fi tsanani, sai sandal, sai miya mai zafi idan tururinta ya taso, kuma cokali yana mata ɗanɗanon tsatsa a baki. Bai katse ta ba. Yana ta rubutu.

"Hajiya, laifin har da ni," ya ce. "Na tambaye ki amai, na tambaye ki abinci, ban tambaye ki sana'arki ba. Na yi ta canja magani, ashe a gida ana hura wuta. Maganin nan yana juya hancin mutane da yawa. Akwai wanda warin sabulunsa ne, akwai wadda girkinta ne. Turarenki lafiyarsa ƙalau."

"To ga abin da ya kawo ni na biyu." Muryarta ta yi ƙasa. "Hancin zai dawo?"

"Yawancin mutane yana dawo musu bayan an gama, cikin 'yan watanni. Ba zan rantse miki ba, ba a hannuna yake ba. Amma abin da na fi gani ke nan."

Ta gyaɗa kai. "Wannan magana ce. Da ka ce tabbas, da ban yarda ba."

Shi da Sista Florence suka jera mata abin yi. Ta nisanci ƙamshi kowane iri. Ta bar abinci ya huce kafin a kawo mata, don mai sanyi ba ya tashi. Ta ci kaɗan-kaɗan sau shida maimakon cika kwano sau uku. Ta sha maganin aman kafin zuciyar ta tashi, ba bayan ta tashi ba. Cokalin roba ko na itace. Ruwan citta idan ya karɓe ta. Idan baki ya fashe, ta kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi. Idan kuma ta ji zazzaɓi, ko yaya yake, kada a jira gobe.

"In kina so in rubuta takarda cewa ni na hana," in ji shi. "Sai ki nuna musu. Ni na saba shan zagi."

Ta yi tunani. "A'a. Gidana ne. In takarda ce za su ce likita bai san al'ada ba, su kunna a ɓoye don tausayina. Da bakina zan faɗa."

Da la'asar ta sa aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro da ke tsakar gida. Akwai mata kamar tara, da Sauda, da wata ƙanwar Ba Hashim. Rahmat ta taso da kasko, Ya Aisa ta ɗaga mata hannu.

"Mayar. Ku ji ni, don Allah. Maganin da ake yi mini ya juya mini hanci. Turare ne yake sa ni amai, nawa da na kowa. Daga yau har in gama, ba hayaƙi a gidan nan. Wadda za ta zo duba ni ta zo da kayan da take wanke-wanke da su. Wadda ba za ta iya ba ta kira ni a waya, na yafe mata."

Rahmat ta tsaya da kasko a hannu, hawaye suna zubo mata.

"Ashe ni nake…"

"Ke kin yi abin da na koya miki," in ji Ya Aisa. "Je ki kashe."

Sauda ce ta karɓe zancen. Ta ɗaga hannun rigarta ta shinshina. "Wato jiya ni kika yi wa aman, ba maganin ba."

"Ke. Kwalba guda kike juyewa a jiki kamar ba gobe."

"Shekara ashirin kina ce mini in ƙara, in ƙara, mijina zai ji daɗi. Yau kuma na zama guba." Ta miƙe. "Bari in je in yi wanka. Ku kuma da kuke zaune kuna kallona, duk ku tashi, kun fi ni wari."

Aikin ya fi yadda muka zata. An kwashe kwalabe sama da ɗari an kai ɗakin Sauda. An wanke laffayoyi sau uku an shanya, ƙamshin bai fita ba, sai atamfofina biyu na ba ta. Ɗakinta kuwa ba shi da magani, bangon kansa turare ne. Ba Hashim ya kwashe buhunan da ke wani ƙaramin ɗaki kusa da zaure, ya sa aka yi masa sabuwar farar ƙasa, aka bar shi a buɗe kwana biyu, ta koma can. Shi ma ya daina shafa turarensa na Juma'a sai ya fita ƙofar gida, in ya dawo ya cire babbar riga a zaure.

Sauda ta naɗa kanta mai gadi. Kujera ta ajiye a bakin zaure, duk wadda ta yi sallama sai ta matso ta shinshina wuyanta.

"Ke wuce. Ke kuma koma ki sake mayafi, wannan ai tun daga famfo na ji ki."

Ba kowa ya ɗauka da wasa ba. Ƙanwar Ba Hashim ta ce ita ba a taɓa shinshina ta a ƙofar gidan ɗan'uwanta ba, ta juya, kuma ba ta sake zuwa ba har aka gama. Wata mai kai amarya ta janye aikin da ta bayar. Da aka gaya wa Ya Aisa, tana shan kunun gyada mai sanyi da ludayin itace, cewa ta yi a ƙaro mata kunun.

Ranar Talata ta hau sikeli, kilo ɗaya da rabi ya dawo. Jinin bai cika ba, amma ya kai inda ake so. Aka ɗura na uku.

Daga ranar Likita Yoila ya shiga uku. Matar da ba ta wuce "da sauƙi" ta koma ba ta barin komai. Za ta gama gaisuwa, ta gyara zama, ta fara daga kai zuwa ƙafa. Harshe ya yi fari ranar Asabar. Yatsu suna yi kamar kiyashi na tafiya a ciki, na dama sun fi. Farce ya yi baƙi. Bayan gida ya tsaya kwana biyu. Likitan ya ba da magani kan wasu, ya ce a sa ido kan wasu, wasu kuma ya ce za su wuce. Wata rana ya ajiye biro ya ce, "Hajiya, akwai mutum goma sha ɗaya a waje."

"Kai ka ce duk abin da na ji. Saura gwiwa."

Bayan na huɗu, wata Lahadi da azahar, ta ji sanyi yana shigarta alhali rana tana tsakiya. A da da bargo za ta ja ta yi shiru. Ta kira Rahmat ta ce a taɓa goshinta, a nemo Keke yanzu. Kwana uku ta yi a gadon asibiti ana mata allurai. Sista Florence ta ce da an kai washegari, da labarin ya yi tsawo. An yi na biyar a ranarsa.

Na shida ya faɗo ranar da aka yi ruwan farko na bana. Mun isa a jiƙe, ni da ita da Sauda, wadda ta ce sai ta ga likitan da ya iya sa Babarbariya magana. Awa uku ledar tana ɗiga. Ya Aisa ba ta yi barci ba, idonta yana kan ledar har ta motse. Sista Florence ta zare allurar, ta danna auduga, ta ce, "Shi ke nan, Hajiya. Shida cif."

Likita Yoila ya leƙo da fayil a hannu. Ya ce saura hoto bayan sati huɗu, sannan ƙwayar da za ta riƙa sha, da zuwa duk wata uku. Ya ce sati biyun nan ma za ta ji jiki kamar sauran, kada a yi saurin kunna kasko.

"Ai mai gadina tana nan," in ji Ya Aisa.

"Albashina fa?" in ji Sauda. "Wata uku ina shinshina wuyan matan Limanti."

"Wa ya taɓa biyan baiwarsa?"

An kawo keken guragu za a tura ta zuwa bakin ƙofa, kamar yadda aka yi sau biyar. Ta ce a mayar. Ta dafa gado ta miƙe, ta tsaya har jirin ya wuce, ta gyara atamfar. Daga ɗakin zuwa ƙofar asibiti tafiya ce mai ɗan nisa, ta tsaya hutawa sau biyu, sau ɗaya a jikin ginshiƙi, sau ɗaya a kafaɗata. Ruwan ya tsagaita. Da ƙafarta ta fita.

Bayan sati huɗu aka ɗauki hoton. Likita Yoila ya duba ya sake dubawa, ya ce bai ga komai ba. Ta ce alhamdulillahi sau uku, sannan ta gyara zama ta ce masa gwiwar nan fa har yanzu ba ta daina ba.